Na ba ɗalibi sifili bisa zargin AI, yanzu kuma ni aka ce in koyar da ita

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a sashen ilimi na wata jami'a, ina zaune a Tudun Wada, Zariya, kuma ban daɗe da fara koyarwa ba. A zangon da ya wuce na ba 'yan aji uku jinga. Da na zo dubawa sai na ga Turancin wani yaro ya yi kyau fiye da yadda na zata. Na zuba rubutun a wata manhajar intanet da aka ce tana gano abin da na'ura ta rubuta, ta ce mini kusan duka na na'ura ne. Na ba shi sifili. Ya zo ofishina yana rantsuwa da Allah shi ya rubuta, har da hawaye, ban saurare shi ba. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Abin da ya ƙara dame ni, a ajin akwai waɗanda na nemi littattafan da suka jera a manazarta ban samu ko ɗaya ba, amma manhajar ta wanke su.

Yanzu shugaban sashenmu ya ce in shirya lacca ta mako huɗu a kan ƙirƙirarriyar basira, wadda yara ke kira AI. Shi so yake in ja musu kunne su daina. Ni kuwa ban karanta kwamfuta ba, kuma ni kaina ina amfani da ChatGPT a ɓoye wajen shirya darasi. Malam, ta ina zan fara?

Wata malama, Tudun Wada

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da yaron nan. Lacca za ta iya jira mako ɗaya, haƙƙin mutum kuwa ba a barin sa ya kwana, kuma rashin kwanciyar hankalinki alama ce ta cewa zuciyarki tana da rai.

Manhajar da kika dogara da ita ba shaida ba ce. Kamfanin OpenAI, wanda shi ne ya yi ChatGPT, ya fito da tasa manhajar gano rubutun na'ura a watan Janairun 2023. A gwajin da shi kansa ya bayyana, kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun na'ura take kamawa, sannan tana ɗora wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. Zuwa watan Yuli na wannan shekarar ya janye ta saboda rashin inganci. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ɗauki rubuce-rubuce 91 na jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba suka yi da hannunsu, suka gwada su a manhajoji bakwai. Sama da kashi 60 cikin 100 aka ce na'ura ce ta rubuta. Rubutun yaran Amurka kuwa kusan duka ya tsallake lafiya. Dalili shi ne waɗannan manhajoji suna auna ko kalmomin rubutu masu sauƙin hasashe ne, kuma wanda ya koyi Turanci a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbata da su, ya gina jimla bisa ƙa'idar da aka koya masa. Wato ɗalibinmu da ya zauna ya yi Turanci mai tsabta da taka-tsantsan shi ne ya fi kusa da faɗawa tarkon. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ma ta kashe ɓangaren gano rubutun na'ura na Turnitin, manhajar kama satar rubutu, a watan Agustan 2023 saboda irin wannan tsoro.

Ban ce yaron ya yi gaskiya ba, domin ban gan shi ba. Na ce ba ki da hujja. Ki kira shi, ki ba shi kujera, ki ɗora rubutun a kan tebur. Ki ce ya faɗa miki da bakinsa, da Hausa ko da Turanci, abin da yake nufi a sakin layi na uku. Ki tambaye shi inda ya ga littafin da ya ambata, da abin da ya sa ya zaɓi wannan misali. Idan yana da takardun da ya fara zayyana aikin a kai, ya kawo. Wanda ya rubuta abu da kansa yakan san lungunansa, har ya nuna miki inda ya sha wahala. Wanda aka rubuta wa kuwa, tambaya ta biyu take kayar da shi. Idan ya kare aikinsa, ki bi ta hannun jami'in jarrabawa na sashe a gyara makin bisa ƙa'ida, ko da zai ɗauki lokaci, sannan ki ce masa ya yafe miki. Wannan ba zai rage miki girma ba ko kaɗan. Idan kuma ya kasa, kin sami hujjar da za ki iya tsayawa a kanta a gaban kowa.

To, sai batun ja musu kunne. Ina girmama damuwar shugabanku, amma hani ba zai yi aiki ba. An saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022. Makarantun gwamnati na birnin New York suka toshe ta a Janairun 2023, zuwa watan Mayu suka janye haramcin da kansu. Mu nan kuwa tun watan Afrilun 2024 Meta AI ta shigo cikin WhatsApp, manhajar da ɗalibanki suke karɓar sanarwar lacca a cikinta. Abin yana cikin aljihun kowa, daga Samaru har Kongo a nan Zariya. Idan kika haramta, masu tsoron Allah za su bari su koma baya, sauran su ci gaba a ɓoye, su ƙware a ɓoyewar. Babu wanda ya koyi komai.

Kin ce ba ki karanta kwamfuta ba. Ba a ce ki koya musu ƙera na'urar ba. Bayanin yadda take aiki, gwargwadon abin da ɗalibi yake buƙata, bai wuce minti goma ba. An tara rubutu mai yawan gaske daga intanet da littattafai, aka horar da na'ura ta riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata. Tsarin da ake ginawa a kai masu bincike na Google ne suka fito da shi a 2017. Daga baya aka sa mutane suna duba amsoshinta suna zaɓar waɗanda suka fi, har ta iya magana mai daɗin ji. Saboda haka idan aka ce ta kawo manazarta, sai ta haɗa abin da ya yi kama da manazarta: sunan marubuci mai kama da na gaske, shekara, mujalla, har da lambar shafi. Ba niyyar ƙarya ta yi ba, ba ta da niyya. Siffar amsa take samarwa, wani lokaci siffar ta dace da gaskiya, wani lokaci ta saɓa, kuma murya ɗaya take yin duka biyun da ita. Sababbin da suke leƙa intanet kafin su amsa sun rage wannan matsala, amma har yanzu sukan jingina wa takarda abin da ba ta faɗa ba. Ki ba su labarin lauyoyin nan na New York da suka shigar da ƙara a kan kamfanin jirgin sama na Avianca, suka kafa hujja da shari'o'i shida da ChatGPT ta ƙago, babu ko ɗaya da ta taɓa faruwa. A watan Yunin 2023 alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Lauyoyi ne fa masu lasisi, ba 'yan aji uku ba.

Abin da ya rage bayan wannan bayani shi ne aikin da kika riga kika iya, wato tantance magana. Mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don daɗinta. Sukan tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun ma haɗu, kuma yaya riƙonsa yake. Amsar na'ura magana ce da ta zo ba isnadi. Tana iya zama gaskiya, amma ba a gina hukunci a kanta sai an nemo mata asali. Duk ɗalibin da ya zauna a Islamiyya zai gane wannan nan take, sauran ma ba zai yi musu wuya ba, domin kowace al'umma ta san bambancin "na gani" da "an ce".

Laccar farko ita ce mai muhimmanci, kuma ina roƙonki kada ki cika ta da bayani. Ki raba su rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida a kan waya ɗaya, domin ba kowa ke da babbar waya ko data ba, kuma kada darasin ya zama na masu hali kaɗai. Ki ce kowane rukuni ya tambayi na'urar abin da su suka fi ta sani. 'Yan cikin birni su ce ta jero ƙofofin Zazzau, su gani ko za ta kawo Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona, ko za ta ɗebo musu na Kano ta zuba a ciki. Su tambaye ta gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da gidan da kowane sarki ya fito. Su tambaye ta wa ya gina Masallacin Juma'a na birni a ƙarni na 19, su ji ko ta san Babban Gwani Muhammadu Durugu. Su tambaye ta shekarun da Sarki Shehu Idris ya yi a kan karaga, sun san daga 1975 ne zuwa 2020. Wanda ya zo daga Kafancan ko Lakwaja ko Biu ya tambaye ta game da garinsu da abincinsu da yadda ake aure a wurinsu. Kowa ya rubuta abin da ta dace da abin da ta kuskure.

Kada ki yi musu alkawarin za ta faɗi. A wasu tambayoyin za ta amsa daidai har su yi mamaki, kuma wannan ma yana cikin darasin. Abin da kike so su gani da idonsu shi ne daidai da kuskure a jere cikin sakin layi ɗaya, ba wata alama da ta raba su. Sai ki ƙara musu gwaji biyu. Su maimaita tambaya ɗaya a sabon shafi, su ga ko amsar ta canza. Sannan su ɗauki amsar da suka san daidai ce su ce mata "ba haka ba ne", su ga ko za ta tsaya a kan gaskiyarta ko za ta ba da haƙuri ta bi son ransu. Gani ya kori ji. Daga nan tambaya ɗaya za ki yi musu: idan ta yi muku haka a kan garinku da kuka sani, yaya za ku gane ta yi muku a kan darasin da ba ku sani ba?

Su yi tambayoyin da Hausa su kuma yi da Turanci, su kwatanta. Sau da yawa za su ga amsar Hausar ta fi rauni, wani lokaci ma Turanci ne sanye da kalmomin Hausa. Dalilin a fili yake: kusan rabin shafukan intanet da Turanci suke, Hausa kuwa ba ta kai ko kusa da kashi 1 cikin 100 ba, duk da miliyoyin masu magana da ita. Na'ura abin da aka ciyar da ita shi take mayarwa. Ki faɗa musu akwai masu aikin cike wannan giɓi, kamar ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka, da aikin NaijaSenti na 2022 wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta, inda aka tattara rubutun Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Pidgin aka tantance shi. Ina fatan a ajinki a sami ko mutum biyu da za su ji cewa su ma suna da abin bayarwa a nan.

Mako na biyu ki kai su farautar manazarta. Kowane rukuni ya nemi na'urar ta ba shi manazarta biyar a kan wani batu na kwas ɗinku, sannan su bi sawun kowace ɗaya: a laburare, a shafukan neman takardun bincike irin su Google Scholar da African Journals Online, da lambar DOI, wato lambar shaidar takarda a intanet, idan an ba da ita. Shin takardar tana nan? Shin marubucin shi ne? Idan tana nan, ta faɗi abin da aka ce ta faɗa? Makin yana kan bin sawun, ba a kan kyan Turanci ba. Ki nemi ma'aikacin laburare ya shigo wannan lacca, za ki ga ya yi murna, domin wannan sana'arsu ce kuma ba kasafai ake tunawa da su ba.

Mako na uku ki ware shi ga wuraren da kuskure ba maki kawai yake ci ba, kuma ina so ki faɗe su da babbar murya. Kada ɗalibi ya ɗauki aya ko hadisi ko fatawa daga na'ura ya watsa a zauren WhatsApp bai duba asalinsu ba kuma bai tambayi malami ba. Haka adadin maganin da za a ba yaro mara lafiya. Sai sirrin mutane. Ɗalibanki za su je koyon koyarwa a makarantu, za su riƙe sunayen yara da makinsu da halin gidajensu. Abin da aka zuba a manhajar kyauta yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma ana iya amfani da shi wajen horar da na'urar sai idan mutum ya kashe wannan zaɓi. A 2023 ma'aikatan Samsung sun zuba sirrin aikin kamfaninsu a ChatGPT, har kamfanin ya hana amfani da ita a na'urorinsa. A Najeriya kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Sannan ki yi magana kai tsaye a kan haɗa hoton ƙarya ko muryar ƙarya ta wani. Yarinya ɗaya da aka haɗa wa hoton batsa aka yaɗa, an iya rusa mata aure da karatu a yini guda, kuma wanda ya tura yana da kaso a zunubin wanda ya haɗa.

Mako na ƙarshe shi ne na iyaka: ina aka halatta, ina aka haramta. A ganina, ɗalibi ya ce na'ura ta sake masa bayanin abin da bai gane a lacca ba, ko ta yi masa tambayoyin gwaji kafin jarrabawa, ko ta nuna masa kurakuran nahawu a rubutun da ya riga ya yi, duk wannan taimako ne, musamman ga yaron da ya taso daga makarantar ƙauye da ba ta da malamin Turanci. Amma ya miƙa mata tambayar jinga ya kwafe amsar ya sa sunansa, wannan ha'inci ne, kuma kansa ya fara cuta. Rubutu shi ne wurin da tunani yake nuna. Wahalar nan ta neman yadda za a haɗa hujja da hujja ita ce karatun, kuma wanda ya tsallake ta zai fita da takardar digiri ya tsaya gaban yara arba'in ba shi da abin faɗa. Su malamai za su zama, Malama. Yaranmu za a damƙa musu.

Ƙa'ida ɗaya ta ishe ki: duk jimlar da ke ƙarƙashin sunanka, kai za a tambaya. Kowace jinga ta zo da layi biyu ko uku a ƙarshe, inda ɗalibi zai faɗi manhajar da ya yi amfani da ita da abin da ta yi masa. Wanda ya bayyana ba a hukunta shi, wanda ya kawo manazartar da babu ita kuwa ya faɗi, ko na'ura ce ta ƙaga ko shi. Ki kuma canza irin jingar. "Tattauna muhimmancin ilimin mata" na'ura za ta gama shi kafin ki rufe baki. Amma ki tura su wata firamare a Sabon Gari ko Tudun Jukun su zauna a aji, su yi hira da malamar, su ƙirga yara da kujeru, su dawo su haɗa abin da suka gani da abin da littafi ya ce. Wannan sai wanda ya je. Na san ajin yana da yawa, ba za ki iya ganawa da kowa ba. Ki sanar tun farko cewa a kowace jinga za ki zaɓi wasu da ƙuri'a su kare aikinsu da baki na minti uku. Sanin cewa ana iya kiran mutum ya isa ya sa ya karanta abin da ya miƙa. Wani lokaci kuma su yi rubutun a aji, da biro da takarda.

Batun amfanin da kike yi da ita a ɓoye, ki fito da shi fili. Ki nuna musu darasin da ta tsara miki, da wuraren da kika soke, da misalan Amurka da kika cire kika sa na Zariya, da kuskuren da kika kama. Babu darasin da zai fi wannan shiga, domin za su ga yadda mai ilimi yake sarrafa ta. Sharaɗin da kika ɗora musu ki ɗora wa kanki: kada ki zuba rubutun ɗalibai da sunayensu a ciki, kada kuma ki bar ta ta ba da maki a madadinki.

Shi kuma shugaban sashe, kada ki je masa da gardama. Ki rubuta shafi ɗaya, ki sa tsarin makonni huɗun da ƙa'idar bayyanawa da hanyar kare aiki da baki, ki kai masa ofis ki nemi gyaransa. Ki nuna masa cewa burinku ɗaya ne, a daina miƙa aikin da ba a yi ba, kuma wannan hanya tana ba malami hujjar da kwamitin ladabtarwa zai iya karɓa. Idan yana son madogara, hukumar UNESCO ta fitar da jagora kan amfani da irin wannan fasaha a ilimi da bincike a watan Satumban 2023, ta biyo da tsarin ƙwarewar da ake so ɗalibai da malamai su samu a 2024. Manhajar karatu ta CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamban 2022 kuma ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, don haka akwai gurbin da wannan darasi zai zauna idan sashe ya ga amfaninsa. Ki roƙe shi a kawo shafin gaban taron malaman sashe, domin idan ke kin halatta wani abu, malamin da ke shiga bayanki ya haramta shi, ɗalibai ne za su rikice. Allah ya dafa miki.